Nomau da Guntun Notin Akori-kura

A garin Rafin Marke akwai wani gida a bayan tasha, gidan Iya Dudu ke nan. 'Ya'yanta biyu maza. Ƙaramin, Ilu, bakanike ne, shi ke da garejin da ke gindin ɗorawa. Babban kuwa Nomau, mutum ya ba arba'in baya, har da furfura a gemu, amma kansa kamar kwanon da aka wanke aka kife. Ba mugu ba ne, ba malalaci ba ne, bawan Allah. Abin da ka faɗa masa dai shi zai yi, ba ƙari ba ragi, ko da sama za ta faɗo. Allah ya ba shi hannuwa sirara kamar sillen kara, saboda su kaɗai Ilu ke haƙuri da shi a gareji, don lungun injin da hannun mutum ba ya shiga, nasa na shiga. Matarsa Tabawa ita ke riƙe da gidan da noman tumatir a fadama. A shekarar nan ta samu kwando goma sha biyu, sun nuna jajur, kuma mota ɗaya ce tak ke kai kaya kasuwar birni, tsohuwar akori-kurar Malam Shitu. In motar ba ta tashi ranar Alhamis ba, wahalar Tabawa ta shekara za ta narke a kwando.

Wata rana, Lahadi ce, aka turo akori-kurar gareji tana zubar da ruwa. Ilu ya leƙa ya ga wani bututu ne ya tsage a bayan inji, notin da ke riƙe da shi kuma tsatsa ta cinye shi, ga wajen a matse, ko yatsu uku na Ilu ba sa shiga. Ya miƙa wa wansa sifana ya ce ya yi ta murɗawa, kada ya tsaya sai ya ji sifanar tana juyawa ba wahala. Nomau ya zura hannu, ya ciji leɓe, ya murɗa, ya murɗa. Notin na kuka, Nomau na ƙara ƙarfi. Can sai aka ji ƙas. Ya fito da kan notin a tafin hannu yana washe baki, ya ce, "Yanzu tana juyawa ba wahala, Ilu." Gindin notin kuwa yana can cikin inji ya zauna daram. Ilu ya dubi kan notin, ya dubi wansa, ya je gindin ɗorawa ya zauna.

Wata rana kuma, washegari ke nan, Ilu ya ce sai an jiƙa guntun da man birki ko tsatsar ta yi laushi. Nasa ya ƙare, ya ce wa Nomau ya nemo duk inda ya gani. To ga motar hedimasta an ajiye ta a gefe ana ba taya iska, mai ita ya tafi alwala. Nomau ya san inda man birki ke zama, wannan kam ya sani. Ya tsiyaye shi tas a gwangwani ya kawo. Hedimasta ya dawo ya ja motarsa, ya zo kwanar tasha ya taka birki, ƙafa ta tafi ƙasa. Teburin mai shayi ne ya tsayar da shi. Allah ya kiyaye rai, amma ƙwai kiret biyu sun tafi, kuma hedimasta ya dawo gareji a ƙasa da biredi a kan kafaɗa. Da aka tambayi Nomau, ya ce ai ba a ce masa ban da na cikin mota ba.

Wata rana, Talata, Ilu ya ce zai shiga birni ya ɗauko mai walda. Ya ba Nomau ƙaramar guduma da guntun ƙarfe, ya ce ya riƙa ƙwanƙwasa notin a hankali don man ya ratsa, kada ya daina sai ya dawo. Ilu ya tarar mai walda ya tafi suna, ya zauna jira har la'asar. Nomau kuwa tun hantsi yake abu ɗaya, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Tabawa ta kawo masa fura ya ƙi sakin guduma, sai da ta durƙusa ta riƙa ba shi da ludayi tana zaginsa ƙasa-ƙasa, wai ko akuya ta fi shi sanin lokacin da ake dainawa. Da Ilu ya dawo ya leƙa, ɗan abin da ya rage a waje wanda filaya za ta iya kamawa ya baje ya kwanta kamar marfin kwalba. Ya ce, "Yaya, da ba uwa ɗaya ta haife mu ba." Bai ƙarasa ba. A ranar Tabawa ta tsince kwando guda da ya fara ruɓa ta zuba wa kaji.

Wata rana, Laraba ke nan, kwana ɗaya ya rage, mai walda ya iso da tukunyar gas a bayan babur. Sunansa Sabi'u, mutumin birni, mai hular sanyi a cikin zafi da baki kamar reza. Ya leƙa aikin ya tambaya wane jaki ne ya yi wannan, aka nuna masa Nomau, Nomau ya gaishe shi da fara'a. Da kyar Sabi'u ya zura bakin wutarsa ya liƙa sabon noti a kan guntun, aka sa sifana, ko motsi. Ya ce sai ya gasa shi ya yi ja. Ilu ya tuna bututun fetur na kusa. Ya cika bokiti da ruwan randa mai sanyi ya danƙa wa wansa, ya ce, "Da ka ga hayaƙi ka watsa, kada ka tambayi kowa." Notin da ya kwana biyu yana shan man birki, a gasa shi ya ƙi hayaƙi? Yana yin ja, wani siririn hayaƙi ya taso. Nomau bai tambayi kowa ba. Ya sheƙa bokitin gaba ɗaya, rabi a kan noti, rabi a ƙeyar Sabi'u. Wuta ta mutu, tururi ya turnuƙe, ƙarfen ya yi wata ƙara. Sabi'u ya miƙe yana ɗiga, ya zagi Nomau, ya zagi garin, ya fara naɗe tiyonsa, ya ce ko sarkin duniya ne ya roƙe shi ya gama. Tabawa na tsaye da zani a baki, hawaye ya cika mata ido. Ilu ya sa hannu zai ciro sifanarsa don a rufe mota a haƙura, sai ya ji ta tafi. Ya sake turawa da yatsa ɗaya, ta sake tafiya. Ashe zafin nan da sanyin da ya faɗo masa lokaci ɗaya sun farfasa tsatsar. Nomau ya zura hannunsa ya warware guntun da yatsu kamar mai tsinkar kuɓewa. Sabi'u ya matse hularsa ya ce ai dama abin da yake shirin yi ke nan, gaggawa kawai aka yi masa. Kafin magariba Ilu ya sauya bututun da ya tsage, ya ɗaure da sabon noti.

Ranar Alhamis da sassafe aka ɗora kwando goma sha ɗaya a akori-kura, Tabawa ta haye gefensu. Iya Dudu ta rako ta tasha tana share ido, tana cewa yau kam sai ta sa wa ɗanta albarka a gaban jama'a, a ji abin da ya yi. Tabawa ta sunkuyo ta kama hannun surukarta ta ce, "Iya, ki sa masa albarkar a zuci. In ya ji an yaba, duk hayaƙin da ya gani sai ya watsa masa ruwa, murhuna ba zai sake ganin wuta ba." Malam Shitu ya ba mota wuta, ta tashi.