Ranar Da Na Naɗa Kaina Kansila

Akwai wata la'asar a Ƙofar Ƙwaya da ba zan taɓa mantawa da ita ba, ko da mutanen unguwa za su yi mani alfarma su manta (ba su yi ba).

Lokacin kuɗin mai sun shigo ƙasa, kowa na sayen babur da rediyo, sabon kwanon rufi na ta ƙyalli a saman gidaje. Ni malamin firamare ne, kuma shugaban ƙungiyar aikin gayya ta unguwarmu. Mu ke yashe magudanai kafin damina, mu ke cike ramukan hanya. Da aka ce za a zaɓi kansiloli, samari suka ce ni za su tsayar. Na yi ta cewa a'a da baki, alhali tuni na kai shadda wajen tela.

Abokin karawata ɗan kwangila ne mai mota. Ni kuwa ban da shebur da iya magana ba ni da komai. Amma da gaske nake son kujerar, don famfo ɗaya gare mu a unguwar, shi ma sai ya ga dama yake kawo ruwa.

Dattawa suka sa rana kowa ya zo dandali ya yi bayani. Abokina Sale, mai gyaran rediyo, ya ɗaure lasifika a saman bishiyar bedi tana fuskantar jama'a, ya ja waya mai tsawo har cikin shagonsa, ya haɗa ta da abin magana. Ya ce in zauna nan in huta kafin a cika, shi zai je aron tabarmi.

Shagon da duhu-duhu, ga sanyin hadari na shigowa ta taga, injin niƙa na maƙwabta yana ta ruri har ba ka jin komai na waje. Na kishingiɗa, na ɗauki abin maganar da ke kan tebur don in saba da riƙonsa, na lumshe ido. Sai na ga unguwarmu ta sauya. Famfo a kowace kwana yana zuba, yara na wasa da ruwa, fitilun titi sun jeru har ƙofar gari. Na fara faɗin abin da nake gani a hankali, kamar mai yi wa jariri waƙa.

Da nan na tsaya da an ce na burge. Ina! Sai mafarkin ya kai ni ofis. Na ƙanƙance murya na gaida kaina: "Ranka ya daɗe, Kansila." Na kumbura murya na amsa: "Yawwa, a zauna, a zauna." Na aiki masinja ya kawo mani shayi. Na ce wa direba ya bi a hankali don talakawa su samu ganina. Na kira matata Binta da sunan Hajiya, na yi mata albishir ɗin gidan gwamnati mai fanka da furanni. Har surukina, Alhaji Mamman, wanda ya daɗe yana jin haushin 'yarsa ta auri mai alli, na sa shi a benci yana jiran in fito (na ma ce a ba shi lemo, don ni ba mai riƙo ba ne).

Sai injin niƙa ya tsaya. A cikin shirun na ce, "A ce wa Alhaji ya ƙara haƙuri," kuma na ji muryata ta dawo mani daga saman bedi, ƙatuwa, tana ratsa unguwa.

Na leƙa. Dandali ya cika maƙil. Sale na tsaye da tabarmi a ka, baki buɗe. Wasu sun duƙa suna riƙe da ciki. A sahun gaba kuwa, kan benci, ga Alhaji Mamman.

Na fito na nufi gabansa. Na durƙusa, sabuwar shaddar na shan ƙasa. Ya dube ni, ko murmushi babu.

"Malam, har an gama taron? To ina lemon da ka ce a ba ni?"

Bayanin da ban yi ba ke nan ranar. Na sha kaye a zaɓe, ba kuma da kaɗan ba. Binta ta yi sati tana kawo mani tuwo tana rusunawa, tana tambaya ko Kansila na son a kunna fanka.

Abin mamaki, zancen famfon ya zauna wa mutane a rai. Suka matsa wa ɗan kwangilar har ya ja mana ruwa, mu 'yan gayya muka haƙa ramin bututun, ni ne a gaba da shebur. Sunan kuma ya bi ni: har jikokina Kansila suke ce mani, alhali ban taɓa zama a majalisa ba.

Ban daina mafarki ba, gaskiya. Amma yanzu kafin in fara, sai na rufe baki, na kuma duba abin da ke hannuna.