Yadda Ake Mai da Zakara Kaza a Gidan Haya

Kai da ke zaune a gidan haya, kana da ɗan lambu a bayan ɗaki, kana da zakara, kana kuma da maƙwabta masu kunne, matso kusa. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan sau da ƙafa, zakaranka zai tsufa da wuyansa, kai kuma ba za a watso maka kaya waje ba. Ni ban taɓa kiwon ko tsako ba, amma kada wannan ya dame ka, likita ma ba sai ya yi ciwon yake ba da magani ba. Ilimin nan kaf daga wurin wani tela na kwaso shi, wanda ya bi hanyar tun daga farkonta har ƙarshenta.

Tela yana haya a sashen baya na gidan wata dattijuwa da kowa ke kira Gwaggo. 'Yar gajeruwar katanga ce ta raba su. Gwaggo ita kaɗai take zaune, 'ya'ya duk sun watse, sai wata tsohuwar kaza guda ɗaya tal. Barci ba ya ɗaukarta sai gab da asuba, shi ya sa ranar da Tela ya nemi izinin kiwo a lambun ta gindaya masa sharaɗi.

"Kaji dai ka zuba ko ɗari ne. Amma ranar da na ji cara a gidan nan, ko dai wuƙa ta hau wuyan mai carar, ko kai ka kwashe kekenka ka ƙara gaba."

"Haba Gwaggo, ni da zakara? Me zan yi da shi?" in ji Tela.

Riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Mataki na ɗaya: Zaɓi 'yan tsaki da kanka, kada ka tambayi kowa

Tambaya alamar rashin sani ce. In ka isa wurin mai 'yan tsaki, ka tsuke fuska, ka kama tsako ta ƙafa ka juya shi kai ƙasa. Wanda ya yi ta fizge-fizge namiji ne, ajiye shi. Wanda ya yi laƙwas mace ce. Haka Tela ya yi. Mai tsakin ya buɗe baki zai yi magana, Tela ya ɗaga masa hannu. Mutumin da ke kallon ƙato sau ɗaya ya yanka masa wando ba tare da awo ba, tsako ne zai gagare shi?

Ya kawo biyar gida. Muzuru ya ɗauki rabonsa, mura ta ɗauki nata, aka bar guda ɗaya, shi ma rai kwakwai mutu kwakwai. Tela ya sa shi a kwali kusa da keken ɗinki, ya shimfiɗa masa ƙyallaye, yana ba shi ruwa da murfin kwalba. Tsako ya miƙe. Ya saba kwanciya a kan ƙafar Tela ta hagu, ta dama tana taka keke. An ce sabo da kaza ba ya hana yanka, amma wanda ya faɗi haka bai taɓa ɗumama tsako a cikin hularsa ba. Tela dai yana son abin nan, so na gaske.

Mataki na biyu: Raɗa masa sunan mace, ka kafe a kai

Tela ya sa masa Gimbiya. Da tafiya ta yi tafiya, zanko ya fito ja wur a ka, wutsiya ta yi tsawo ta lanƙwaso, ƙirji ya buɗe. Matar Tela ta tsaya da tsintsiya a hannu tana kallo.

"Malam, Gimbiyar nan taka fa tafiyar maza take yi."

"'Yar ƙasar waje ce," in ji Tela, bai ko ɗago daga ɗinki ba. "Can matansu haka suke."

Ɗauki wannan darasin kyauta. Duk abin da ka kasa bayaninsa, ka ce na ƙasar waje ne. Ba mai zuwa ya dubo.

Mataki na uku: Ranar carar farko, yi tari

Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi, wannan kuwa muzurun ma ya riga ya tsallake. Wata asuba Gimbiya ya miƙe wuya ya gwada murya, dishi-dishi kamar ƙofar da ta sha tsatsa. Tela ya diro daga gado ba takalmi, ya fito tsakar gida ya bi carar da tari har idonsa ya kawo ruwa.

Da hantsi Gwaggo ta leƙo ta katanga da kofin ruwan citta da zuma.

"Tela, tarin nan naka na jiya yana da wani ja a ƙarshe. Kada ka yi wasa da shi."

Karɓa ka sha, ka yi godiya, ka ƙara ɗan tari don tabbatarwa. Amma ka sani tari agajin gaggawa ne, ba ƙirjin da zai iya gasa da zakara kullum.

Mataki na huɗu: Ƙwace alfijir daga hannunsa

Zakara ba shi da agogo, haske yake bi. Nan ne sana'a ta yi rana. Tela ya auna akurki da tef, ya ɗinka masa riga ta baƙin yadi ninki biyu, har da zif a gaba. In ya zuge, ciki ya yi duhu dunɗum, Gimbiya ya ɗauka gari bai waye ba. In kai ba tela ba ne, to ka nemi tela, amma ka ce masa rigar injin wuta kake so.

Sai dai cara kamar atishawa take, ana jinkirta ta, ba a hana ta. Saboda haka ka nemo ƙarar da ta fi ta. A tsallaken layin akwai makanike da ke tada injin mota da hantsi, yana ba shi wuta har tagogi su yi ta rawa. Tela sai ya tsuguna gaban akurki, hannu a kan zif. Inji na tashi, zif na buɗewa, Gimbiya ya ga rana ta ɗaga, ya saki duk abin da ya tara.

Dabara ce mai kyau, aibinta ɗaya: injin da ake gyara ba shi da alkawari. Wata rana ya mutu a tsakiyar aiki, cara ta tsaya ita kaɗai a sararin unguwa, doguwa, mai daɗi, har da ado a wutsiya. Gwaggo tana shanya a bayan katanga.

"Injin makaniken nan ya fara wani irin kuka," in ji Tela.

"Shi ma sai a kai masa zumar," in ji Gwaggo, ta ci gaba da shanyarta.

Mataki na biyar: Kaza sai da ƙwai

Ba za ka ce kana da kaza wata da watanni ba a ga ko ɓawo ba. Sayo ƙwai, amma ba a shagon layinku ba, mai shago ba ya riƙe magana. Ɗumama shi a aljihu, ka manna masa ɗan gashin kaza, ka miƙa ta katanga da fuskar mai alheri.

Ka kula da launi. Tela bai kula ba.

"Kazar nan taka mai albarka ce," in ji Gwaggo tana juya ƙwan a hannu. "Jiya fari, yau ja."

Kana da amsa a mataki na biyu, koma ka ɗauko.

Mataki na shida: Nemo shaida

Abin da ya rage wa lambunka shi ne kukan kaza na gaske, wannan kyarkyarar da ke kwantar wa maƙwabta hankali. A gindin katangar akwai rariyar da ruwa ke bi. Tela ya lura tsohuwar kazar Gwaggo tana leƙowa ta nan, tana haɗiyar yawu a kan dusa. Ya ɗauko guduma ya ɗan faɗaɗa rariyar, ya yayyafa tsaba daga baki har gaban akurki. Kaza ta shigo. Washegari ta dawo. Daga nan ta mai da lambun wurin wuni, tana kyarkyara, Gimbiya yana tona mata ƙasa yana kiranta ta ci.

Tela ya ji daɗi har ransa. Duk mai wucewa ya ji, ya san gidan kaji ne.

"Malam, ka san abin da kake haɗawa kuwa?" in ji matarsa.

"Shaida nake haɗawa."

"To, Allah ya sa shaidar ta tsaya iya nan."

Kada ka saurari irin wannan magana. Mai tsintsiya a hannu ba ya ganin babban tsari.

Mataki na bakwai: In an kira ka, ka je

Kwatsam kazar ta daina zuwa. Tela ya tambaya ta katanga, Gwaggo ta ce ta yi kwanci a bayan randa. "Haka take yi duk shekara, ta kwanta a kan ƙwai har su ruɓe. Ba zakara, me za ta ƙyanƙyashe? Tausayi take ba ni." Tela ya ce Allah sarki, ya koma ɗinki, bai yi lissafin komai ba.

Bayan 'yan makonni aka ce Gwaggo na kira. Ya same ta a kan tabarma, wuƙa a hannu, tana yanka albasa a faranti. Gabanta ga tsohuwar kaza tana tafe tana ƙasaita, 'yan tsaki na binta zugui-zugui, suna hawa ƙafar Gwaggo suna sauka.

"Zauna, Tela. Ka ga ikon Allah? Kaza da kaza."

Tela ya dubi tsakin, ya dubi wuƙar. Tari ba zai yi ba, makanike ba zai yi ba, ƙasar waje ma ta yi nisa. Ya tuna ɗumin da ke kan ƙafarsa ta hagu, sai ya ji wuyansa ne ma yake sanyi. Ya cire hula ya riƙe.

"Gwaggo, zakara ne. A yi mini haƙuri zuwa ƙarshen wata in nemi wani wurin. Ba zan iya yanka shi ba."

"Gidan za ka bari saboda shi?"

"A hannuna ya rayu, Gwaggo."

Ta ajiye wuƙar, ta goge idon da albasa ta sa wa ruwa.

"Tun ranar tarin na sani, ɗan nan. Ina dai kallonka ne in ga iya gudun ruwanka, don na daɗe ban samu abin dariya ba." Ta ɗauki tsako ɗaya ta ɗora a cinya. "Tun da yara suka watse gidan nan ya yi mini shiru da yawa. Yau da safe kukan waɗannan ne ya tashe ni, ban ji haushi ba. Ni cewa na yi in na ji cara. Kunnena na hagu ya daɗe da yin nauyi, sai in riƙa kwanciya a kan na dama. Rigar akurki ta zauna har sai na tashi, ƙwan kanti kuma ka huta da shi. Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko."

Tela ya yi ta godiya yana juya hula.

"Ai kuna da rabo, tunda uban naku ne," in ji Gwaggo. "Zaɓi mata uku ka tafi da su. Kai ne gwani."

Nan ne mai hankali zai ce Gwaggo ta zaɓa masa. Tela ya tsuke fuska, ya kama tsako ta ƙafa, ya juya shi kai ƙasa.

A kula

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. Wanda ya bi matakan nan ya rasa zakara, ko ɗaki, ko murya, shi ya jiyo. Ba kowane gidan haya ke da Gwaggo ba, ba kuma kowace Gwaggo ke da kunnen hagu ba. Game da ukun da Tela ya zaɓa, ni ban ga komai ba, ban ji komai ba. An dai ce matarsa ta sake tsayawa da tsintsiya a hannu, shi kuma an gan shi a kasuwa yana tayin bandir guda na baƙin yadi.