Rasuwar Barewa, Kwanon Miyar Gidan Ravaioli

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda ba ta da niyyar ɓoye wa kowa, Signora Nives Ravaioli ta birnin Faenza tana sanar da 'yan uwa, da abokan yawon kasuwar tsofaffin kaya, rasuwar Barewa, babban kwanon miyarta na tangaran, wadda ta riga mu gidan gaskiya ranar Talata da hantsi, a kan matakalar gidan da ta rayu a cikinsa.

An haifi marigayiyar a wata masana'antar tangaran ta garin nan, kafin yaƙi. Mahaifiyar Nives, Adelma, mai zane a masana'antar, ita ta zana mata barewa mai dogon wuya, shuɗiya a kan farin fenti, da zaren ruwan zinare a bakin murfi. A shekarar yunwa aka ba da ita aka karɓi buhun fulawa, Adelma kuwa har ta bar duniya ba ta daina ambatonta ba. Nives ta ƙarar da ƙuruciyarta tana bin kasuwanni, tana kife kowane kwano tana neman alamar hannun uwarta a gindinsa. Da haka gidanta ya cika da farantai da tuluna. Sai da furfura ta fito mata ta tarar da Barewa a kasuwar garin Arezzo, wani ya zuba mata tsofaffin makullai.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta riƙe romon Kirsimeti da zafinsa har mai zuwa a makare ya samu. In an ƙwanƙwasa ta da farce sai ta amsa da “tinnn” mai tsawo, muryar da ba ta da tsaga. Ta tsira daga bama-bamai. Da ambaliya ta cika falo da laka, Nives ta rungume ta ta hau bene, ta bar hotunan aurenta a ruwa.

Marigayiya ba ta yi jinya ba. Loretta, 'yar Nives, ita ce ta dage a sayar da gidan, wai matakala ta yi wa tsohuwa yawa. Ranar kwashe kaya mijin Loretta, Tiziano, ya ɗauko marigayiyar da hannu ɗaya, waya maƙale a kunnensa.

“Tallafe ta ta ƙasa, Tiziano,” in ji Nives.

“Haba Mama, ku kwantar da hankalinku, na ɗauki abin da ya fi wannan.”

Da marigayiya ta suɓuce masa a kan matakala, kalmarta ta ƙarshe ita ce “ƙwas”. Tiziano ya dubi ɓaraguzan, ya ce da wanda ke kan waya zai sake kira, sannan ya ce, “Kwano ne fa. Zan nemo muku irinsa.”

“Nemo min uwata tukuna,” in ji Nives, “ta zana shi.”

Loretta ta ce, “Mama, ai ko ma a sabon gidan babu wurin ajiye shi.” Ta tafi neman tsintsiya. Tun daga lokacin uwa da 'ya ba su haɗa ido ba.

Marigayiya ta bar farantai shida da ba uwarsu ɗaya ba, da ludayi guda, da murfinta wanda ko ƙwarzane bai yi ba, yana zaune maraya ba shi da abin rufewa.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, a gindin itacen ɓaure na bayan gida. Maƙwabciya Ebe ce za ta riƙe akwatin, domin hannunta ne kawai aka yarda da shi. Ba a buƙatar furanni. Wanda ya zo da gam ko da shawara, ya ajiye su a bakin ƙofa.

Waɗanda suka sayi gidan sun ce za su sare ɓauren, su malale wurin da siminti don ajiye mota. Da aka gaya wa Signora Nives, sai ta ce su zuba shi da kauri, kada hannun kowa ya sake kaiwa ga Barewa.