Atamfar da ta yi wata uku tana yawo

Kowa a gidanmu na Tudun Wada ya ce baki ne ya zubar min da ciki biyu. Ba baki ba ne, sikila ce, da ita aka haife ni. Likita ya ce in na sake samu, in zo awo tun sati na shida. Inna, uwar mijina, ta ce a'a, ciki ɓoye shi ake yi har ya fito da kansa, mai kunya ba ta kai shi asibiti tun yana gudan jini.

Da na samu na uku, ba ni da haƙurin gardama, sai na zaɓi ƙarya. Duk sati biyu in ɗauki atamfa a leda, katin awo da ƙwayoyina a tsakiyarta, in ce zan je wurin tela (mijina ya sani, shi ke tare min keke napep).

Ranar da ba zan taɓa mantawa ba ita ce wadda Inna ta yafa mayafi ta ce yau sai ta ga telan da ya wahalar da ni wata uku. Maimakon in faɗi gaskiya, ni mai wayo, sai na nuna mata shagon wani bawan Allah a Gawon Nama. Ta wanke shi tas a gaban mutane, yana rantsuwa bai taɓa ganina ba. Ta fizge ledar ta zazzage a kan teburinsa, kati ya faɗo. Telan ya karanta shi da ƙarfi, har da sati goma sha takwas.

Inna ta dube ni ta ce, "Wanga shi ne ɗinkin?" Na ce eh, ina kallon ƙasa. Ta tambaye ni wata nawa cikin nan biyu da suka zube suka kai. Na ce ko uku ba su cika ba. Sai ta ce wa mai keke ya kai mu asibitin.

Daga ranar ita ke riƙe min kati. Da ciwon ƙashi ya taso a wata na bakwai aka ƙara min jini, ita ta zauna a kaina. Yanzu ɗiyata Hafsatu na bayana, watanta biyar.

Na gane ƙarya ba sana'ata ba ce. Atamfar tana nan. Gobe zan kai wa telan nan ya ɗinka mana ni da Hafsatu, in ya yarda na shiga shagon.