Cindo da Kular Manaja

A Rafin Kuka akwai wani mutum, Cindo, yana zaune da matarsa Kande da akuya ɗaya. Kande ba ta sa shi aiki sai ta auna maganarta, tun ranar da ta ce ya dinga iza wuta har ta dawo, ya ƙone iccen wata guda da ƙyauren ɗaki. Shi ne masinja a injin casar shinkafar garin.

Sai aka kawo sabon manaja daga birni, Malam Nafi'u. Ma'aikata suka ɗauke masa wuta, gaisuwa ma da ƙyar. Mai injin ya ce in wata ya cika ba su saki jiki da shi ba, ya tattara ya koma. Bawan Allah ya rasa wanda zai dafa sai Cindo. Wallahi abin tausayi.

Wata rana manaja ya ce, "Gobe ka bi gidajen ma'aikata ka gaishe mini da kowa." Cindo ya aika kada wanda ya fita sai ya iso. A gida na biyu ya tarar da jariri a goye, ya tsuguna yana jiran ya amsa. Ranar inji bai tashi ba sai la'asar.

Wata rana kuma manaja ya ce, "Duk abin da suka faɗa a kaina, ka kawo mini nan take." Ana cikin aiki Baba Maikano, babban ma'aikatan, ya ce, "Wannan manaja..."

"Dakata, Baba, in kai wannan." Cindo ya ruga ofis. "Ranka ya daɗe, ya ce 'wannan manaja'."

"Sai me?"

"Bari in karɓo sauran."

Daga ranar kowa ya ɗinke bakinsa.

Wata rana, saura kwana biyu wata ya cika, ɓeraye suka ishi manaja. Ya ce, "Duk abincin da ka gani a cikin ginin nan, fitar da shi gindin darbejiya." Cindo ya kwashe kwanonin ma'aikata, ya haɗa da kular abincin manaja da ke kan teburinsa.

Da yunwa ta ci shi, manaja ya fito nema, ya iske kularsa a tsakiyar tabarma, mutane kewaye da ita. Ya yi turus, kunya ta rufe shi. Su kuma ko maƙiyi ba sa bari ya tsaya musu a kai suna ci.

"Bismillah, Manaja," in ji Baba Maikano, ciki-ciki.

Ya tuɓe takalmi ya zauna. Suka cinye masa dafa-duka, shi kuma ya sa hannu a ɗumamensu, yaji ya sa shi hawaye, aka bushe da dariya har da shi. Ana haka mai injin ya iso, ya tambaya ina manaja.

Baba Maikano ya ce, "Alhaji, bar mana shi ya gama cin abinci tukuna."