Kifin Dakta Haladu

Wanda bai taɓa zama cin abinci da Dakta Haladu ba bai san haƙuri ba. Mutumin kirki ne, abokina ne tun muna sakandare, amma in aka ajiye kifi a gabansa sai ya gaya maka sunan kakan kifin kafin ya bar ka ka kai loma. Malami ne a sashen nazarin halittun ruwa na wata jami'a a nan Arewa, shekara goma sha ɗaya yana kan kifi. Burinsa ɗaya ne: a ce ga wani kifi a duniya da ke ɗauke da sunansa. Ya ce ranar da haka ta faru kujerar farfesa da ƙafarta za ta zo ta same shi. Abin yana cin sa, don mutum biyu da suka shigo aiki a bayansa sun riga sun hau.

Daminar bara, cikin watan Agusta, wani ɗalibinsa ya ba shi labarin wani ɗan kifi a wani ƙauye cikin fadamar Haɗeja. Wai kududdufi ne da ke ƙafewa ƙurmus da rani har a riƙa buga ƙwallo a cikinsa, amma ruwa na sauka sai ga 'yan kifaye masu kyau kamar an zana su. Dakta ya zo gidana da sassafe, ya ce motata ta fi tasa tsayi, in taimaka. Ni malamin lissafi ne, ban san komai game da kifi ba sai ci, amma na ɗauki makulli.

Mun isa wajen azahar bayan mun kafe sau biyu. Aka kai mu wurin Sarkin Ruwa, wani dattijo mai suna Mati, yana zaune yana ɗinke koma. Dakta ya kwatanta masa abin da muke nema. Sarkin Ruwa ya ajiye komar ya dube mu, ya dubi takalmanmu da suka sha taɓo.

Ya ce, "Wai daga birni kuka taso saboda ɗan-damina? Ga giwan ruwa, ga tarwaɗa, ga ragon ruwa, duk ba ku gani ba?"

Dakta ya ce, "Shi dai ƙaramin muke so, ranka ya daɗe."

"To ai mai gemu ba ya jiƙa wandonsa saboda ɗan-damina. Mata ke kwasarsa da ƙwarya. Ku je wurin Lantana mai suya, can gindin ɗorawa."

Gwaggo Lantana tsohuwa ce siririya, za ta yi shekara saba'in, amma idonta ras. Mun same ta gaban kasko tana juya karfasa. Muka gaisa, Dakta ya faɗi buƙatarsa. Ta sauke kaskon, ta ɗaure zani, ta ɗauki ƙwarya ta nufi kududdufin da ke bayan rumfarta. Ko minti biyar ba ta yi ba ta dawo ta ajiye ƙwaryar a gabanmu.

Gaskiya ni ma na yi mamaki. Kifin bai fi tsawon ɗan yatsana na ƙarshe ba, amma jikinsa shuɗi ne mai sheƙi, kowane ɓawo an zagaye shi da ja kamar aikin mai ɗinkin hula. Wutsiyarsa ja wur, bakinta da baƙin layi. Fiffiken bayansa ya koma can kusa da wutsiya, bakinsa kuma ya kalli sama kamar mai jiran a ba shi labari.

Dakta ya durƙusa cikin taɓon da farin wandonsa. Ya zaro gilashin ƙara girma, ya sa kifin a wani ɗan faranti, ya fara ƙirga ɓawo daga kumatu zuwa wutsiya, yana faɗa ina rubutawa. Ya ƙirga ƙayoyin fiffike. Ya auna ido. Ya buɗe wani littafi mai kaurin tubali, ya duba, ya sake ƙirgawa, ya sake dubawa. Sai ya miƙe tsaye ya cire hula.

Ya ce, "Allahu Akbar. Malam Nafi'u, babu shi a littafi. Babu shi! Ni ne mutum na farko da ya gano kifin nan."

Gwaggo Lantana ta mayar da kaskonta kan wuta. Ta ce, "Ka gano shi? Da ma ɓacewa ya yi?"

"A'a Gwaggo, ina nufin duniya ba ta san da shi ba."

"Ikon Allah. Shekara hamsin ina soya shi da yaji, ashe duniya ba ta sani ba."

Dakta bai ji haushi ba, don a lokacin ko mari ka yi masa godiya zai yi. Sai ma ya jawo turmi ya zauna, ya ce bari ya fahimtar da ita. Na so in hana shi, amma na san ba ya hanuwa.

Ya ce, "Kin ga Gwaggo, kowace halitta tana da asali hawa-hawa. Shi wannan, da farko dabba ne."

"Kifi dai."

"To, kifi ma dabba ne. Sa'an nan yana cikin masu ƙashin baya, kamar ni da ke."

"Kamar kai dai."

"Sa'an nan yana cikin kifaye masu ƙaya a fiffike. Daga nan sai babban gidansu, wanda masana ke kira Cyprinodontiformes."

Ta saki matsamin suya ta miƙo masa moɗa. "Sha ruwa, ɗan nan. Ƙaya ce ta sarƙe ka?"

"Suna ne, Gwaggo. Da harshen Latin. A ƙarƙashinsa akwai dangi, a ƙarƙashin dangi akwai zuriya, sa'an nan shi kansa. Hawa bakwai ke nan."

Ta ce, "Hawa bakwai! Ni da aka zo neman aurena, kakana kawai aka tambaya aka ɗaura. Kai wannan bincike, 'yarka za ka ba shi?"

Mutanen da suka taru suna kallonmu suka kwashe da dariya. Dakta ya yi kamar bai ji ba. Ya ce abin da ya rage shi ne suna, don kifin ba shi da suna. Ta ce yana da shi, ɗan-damina. Ya ce wannan ba suna ba ne, laƙabi ne na ƙauye. Sunan gaskiya kalma biyu ne, ta farko ta zuriya, ta biyu ta wanda aka karrama. Ya kalli sama ya faɗi tasa a hankali, yana jin daɗinta a baki: haladui.

Ana cikin haka sai ya leƙa ƙwaryar ya ga akwai saura. Wani ɗan kifi ne a ƙasa, ya lafe, launin toka-toka, ba ja ba shuɗi, fiffikensa gajere, cikinsa ya ɗan fito. Dakta ya kamo shi, ya sa a faranti, ya ɗora gilashi. Ya duba littafi. Sai na ga ya dafe ƙirji.

"Malam Nafi'u, riƙe ni. Biyu ne! Wannan wani iri ne dabam. Dubi launi, dubi fiffike, dubi ciki. Iri biyu a rana ɗaya!"

Kafin in ce wani abu ya hau kan wani tudu inda ake samun sabis ɗin waya, ya kira shugaban sashensu. Muna jin sa yana ɗaga murya: "Biyu, Farfesa! A kududdufi ɗaya! A shirya mini zauren taro ranar Litinin!" Ya kashe, ya kira matarsa, Hajiya Rukayya, ya yi mata albishir cewa duk ƙorafin da take yi na ya fi son kifi da ita yau ya ƙare, domin ya sa wa sabuwar halitta sunanta, kuma sunan zai zauna a littafi har tashin duniya.

Ya sauko yana share gumi. Gwaggo Lantana ta ce, "Wanne ne na Hajiyar?"

Ya nuna mai launin toka.

"Wato mai kwalliyar naka, mai tokar nata."

"Haka tsarin ya zo, Gwaggo."

"To ka yi daidai kuwa. Ai matarsa ce."

Dakta ya yi dariya irin ta malami da ɗalibi ya yi masa tambayar shirme. "Matar wa?"

"Matar wancan mai jar wutsiyar. Shi namiji, ita mace. Kifi ɗaya ne."

"Haba Gwaggo! Ko makaho ya shafa ya san ba ɗaya ba ne. Ina kamar take?"

"Kai da Hajiyar kama kuke?"

Ya buɗe littafi ya fara nuna mata zane, yana cewa ilimi ba da ka ake yin sa ba, da awo ake yi. Ta ce ya ƙirga ɓawon mai tokar, tunda ƙirga ya iya. Ya ƙirga. Na duba abin da na rubuta na farko. Daidai suke, ba ƙari ba ragi. Ya ce a ƙirga ƙayoyin fiffike. Su ma daidai. Na ga gumin da ya share ya dawo, amma ya ce wannan ba hujja ba ce, iri biyu na iya haɗuwa a lissafi.

Gwaggo ba ta ƙara musu ba. Ta ɗebo laka kaɗan ta zuba a gindin ƙwaryar, ta ƙara ruwa, ta mayar da kifayen biyu, ta ce kowa ya ja baya ya yi shiru. Muka yi tsit, har da Sarkin Ruwa da ya biyo mu ya ga ƙarshen abin.

Da ruwan ya kwanta sai mai jar wutsiya ya baza fiffike kamar ya sa babbar riga. Launinsa ya ƙara fitowa. Ya zagaya mai tokar ta dama, ya zagaya ta hagu, yana karkaɗa jiki. Ta yi gaba, ya bi ta. Ta juya, ya tare. Can sai ya rungumo ta da fiffiken bayansa, suka nutsa cikin lakar tare.

Gwaggo ta ce, "Ga shi nan. Ƙwai take sawa a laka. Ruwa zai ƙafe, su biyun su mutu, ƙwan ya kwana a ƙasa har wata daminar. Masu cewa daga sama yake faɗowa ba su taɓa tsugunawa sun duba ba."

Dakta ya dubi ƙwaryar, ya dubi wayarsa, ya dubi tudun da ya hau ɗazu. Na san abin da yake lissafawa: zauren taro na Litinin, da Hajiya Rukayya da ta riga ta fara kiran ƙawayenta.

Can sai ya gyara hula. Ya ce, "Gwaggo, ba wai ina musu ba ne. Amma a ɗakin bincikenmu muna da irin waɗannan ƙananan kifaye sun fi ɗari huɗu, kowanne a kwalbarsa. Kullum ina tare da su. Wallahi ban taɓa ganin ɗaya ya yi wa ɗaya haka ba."

Ta ce, "A kwalba? Me suke ci?"

"Ba sa cin komai. Matattu ne, a cikin magani muke ajiye su don kada su ruɓe."

Gwaggo Lantana ta juya karfasarta, ta yayyafa gishiri, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Ta ce, "Yo ɗan nan, kai da ka yi karatunka a maƙabarta, ina za ka taɓa ganin an je zance?"