Hoton Fasfon Kumatu

Jama'a, jiya Talata da hantsi wani ma'aikacin gwamnati ya leƙo ta cikin gilashi ya shaida mini cewa yaron da nake riƙe da shi ba shi ne ɗana ba. Yaron da na yi wata tara ina canza wa kunzugu! Bari dai in ɗauko muku zancen daga tushe.

Mu huɗu ne a ƙasar nan da muka zo neman abinci: ni, da Maman Yara, da 'yarmu mai shekara huɗu da muke kira Lauya don ba a yin magana ta wuce ba ta jefo tambaya uku ba, sai autanmu Kumatu, wanda sunansa ya gama bayaninsa. A nan aka haife shi. Tsohuwata da ke gida ba ta taɓa ɗaukarsa ba, sai dai ta waya, tana kusanto da fuskarta har ba ma ganin komai sai hancinta. Idonta ya fara hazo, kuma duk ranar da muka gaisa sai ta ce, "Ka kawo min shi tun ina iya gane fuska." To yaro ba ya hawa jirgi sai da fasfo, fasfo kuwa sai ofishin nan namu mai albarka da aka buɗe don kula da 'yan ƙasa mazauna waje.

Takardar ofishin ta ce hoton jariri dole ya zama ido a buɗe, baki a rufe, ba dariya, ba kuka, kunnuwa biyu a fili, bayansa fari fat, kuma kada hannun kowa ya fito. Wanda ya rubuta wannan doka, ina yi masa fatan Allah Ya ba shi tagwaye. Kwana uku muka yi muna shimfiɗa Kumatu a kan farin zanen gado, ni a tsaye bisa kujera da waya, Maman Yara tana kaɗa makullai, Lauya tana tambayar ko laifi ya yi. A hoto na tamanin da wani abu ya yi gyatsa ya zaro ido, na danna. Lokacin yana wata biyu. Na cike takardu, aka ba mu ranar zuwa: bayan wata bakwai.

Maƙwabcina na ƙasan bene, direban bas ne ɗan ƙasarmu, shekararsa ashirin a nan. Muka haɗu a matattakala ina jan keken yaro.

"Ina zuwa da sassafe haka da iyali?"

"Ofishinmu."

Ya dube ni kamar na ce asibiti. "Ka ɗauki kunzugu nawa?"

"Uku."

"Koma ka ƙaro. Ka ɗauko ruwa da bargo. In sun ce na'ura ta lalace kada ka yi mamaki, tun ina saurayi take jinya."

Na roƙi hutun yini guda a wurin aiki, muka hau bas biyu, muka isa muka tarar da layi ya zagaya har bayan gini. Tagogi huɗu ne a ciki, uku a rufe. Can sai ga wani ya fito da lasifika yana cewa mu yi murna, yau ranar farin ciki ce. Wai Mai Girma Babban Baƙo ya taso takanas daga gida da tawagar mutum goma sha bakwai don ya ga yadda muke fama. Saboda haka an dakatar da aiki, don ya samu damar ganin faman da kyau.

Ni dai na yaba. Ba ƙaramar sadaukarwa ba ce mutum ya bar ofishinsa mai sanyi ya keto teku saboda mu. Har da jakunkunan kantuna na gani a hannun 'yan tawagar, ina kyautata zaton rahoton halin da muke ciki ne a cikinsu.

Mai Girma ya shigo cikin wata doguwar riga fara sol, mai faɗin da za a iya yi wa iyalina duka labule da ita. Ya yi jawabi na minti arba'in. Ya ce mu ne jakadun ƙasa. Ya ce daga yanzu fasfo awa ashirin da huɗu zai riƙa fitowa. Aka yi tafi. Wata mata a gefena, wadda zuwanta na biyar ke nan, ta yi tafin da hannu ɗaya a kan cinya.

Lauya ta ja mini riga. Muryar yarinyar nan ba ta da maɓallin ragewa.

"Baba, wannan shi ne zai ba Kumatu littafin?"

"A'a, shi babba ne."

"To mene ne aikinsa?"

Na toshe mata baki da biskit.

Da aka gama jawabi aka buɗe taga ɗaya don baƙo ya ga ana aiki, Allah Ya sa lambarmu ce. Ranka Ya Daɗe Sarkin Taga ya karɓi takardu, ya dubi hoto, ya dubi Kumatu, ya sake duban hoto.

"Malam, wannan ba yaron nan ba ne."

"Shi ne, yallaɓai."

"Na hoton ba shi da gashi. Wannan kuwa ga gashi, har da haƙora biyu."

"Yallaɓai, wata bakwai kuka ba mu. Mun yi iya ƙoƙarinmu, ya ƙi ya tsaya."

"Sai ka kawo sabon hoto."

"Ku ɗauka a nan mana."

"Na'urar hoto ta lalace. Ka koma ka nemi wata rana."

Wata bakwai kuma? Na tuna idon tsohuwa. Lauya ce ta yi ɗage ta kama bakin tagar ta ce, "Ƙanena ne. Ni na san shi tun yana ciki." Sarkin Taga ya ce ba a karɓar shaidar yara.

Maman Yara fa tana gefe tana ta dube-dube. Duk wanda ya zauna da ita ya san dube-dubenta ba na alheri ba ne. Ta dubi bangon ofishin, ruwan ƙasa ne duk ya dafe. Ta dubi mai hoton tawaga da ke bin Mai Girma da kyamara kamar kan jariri. Sai ta karɓi Kumatu daga hannuna ta nufi baƙo kai tsaye, ta rusuna.

"Ranka ya daɗe, ga ƙaramin jakadanka yana son hoto da kai."

Mai Girma ya washe baki. Babu abin da manya ke so irin jaririn da ba nasu ba. Ya ɗauke shi, aka ƙyasta hoto, Kumatu ya damƙi tabaransa aka ɓamɓare da ƙyar.

"Saura ɗaya, ranka ya daɗe," in ji Maman Yara. "Ka ɗan juya, ka buɗe hannuwa. Duk ginin nan babu abu fari sai rigarka."

Kafin ya gane inda aka dosa, ta riga ta yi masa bayani a gaban tawaga da mai hoto da mutum ɗari da ke layi, duk sun ɗaga wayoyi. Ina hanyar ƙi? Ya yi dariyar dole ya juya. Ni kuma aka ce in tsuguna in ɗaga yaro ta ƙugu, kada hannuna ya fito. Ga ni nan, magidanci mai furfura a gemu, durƙushe a bayan Mai Girma, na ɗaga ɗana sama, Lauya tana kaɗa makullai, jama'a suna ta "Kumatu! Kumatu!" Yaro ya ga taro ya zaro ido ya rufe baki. Ƙyas!

Mai Girma ya waiwayo yana gyara riga ya ce, "A karɓa." Nan take kwamfutar Sarkin Taga ta gane ɗana. Kafin mu ɗaure shi a keke, iyaye shida sun yi layi da jariransu a bayan rigar, sai da 'yan tawaga suka ce baƙo yana da wani muhimmin taro.

An buga mana hatimi, an ce mu dawo bayan mako uku. Na tambayi zancen awa ashirin da huɗu, aka ce ba a faɗi ranar da za a fara ƙirgawa ba. Ban ja ba. Daga tashar bas na kira tsohuwa na ce ta fara gyara ɗaki, ta yi ta sa albarka har bas ya zo.

Ni dai shawarata ga hukuma, kada a wahalar da kai wajen gyara na'urar nan. A bar mana rigar kawai, a rataye a ƙusa. Amma in za a haɗa da mai ita, ba mu ƙi ba. Shekarata arba'in da uku manya suna juya mini baya, sai jiya abin ya yi mini amfani.